Sergei Korolev: Injiniyan da Duniya Ta San Sunayen Karnukansa Kafin Nasa

'Yan'uwana ɗalibai, idan aka tambaye mu wane ne mutum na farko da ya je sararin samaniya, da yawanmu za mu ce Yuri Gagarin, ko da kuwa a kacici-kacicin sakandare muka tsinci sunan. Wasu ma za su ƙara da cewa wata karya mai suna Laika ta riga shi zuwa. To amma wa ya ƙera rokar da ta ɗauke su? A nan ne aji kan yi tsit. Ba laifinmu ba ne kuma, domin gwamnatin Tarayyar Sobiyet da kanta ta ɓoye sunan mutumin har sai da ya mutu. Jaridu na buga hotunan karnukansa, ana sa su a jikin kan sarki da kwalin sigari, shi kuwa sai dai a ce Babban Mai Zane, ba suna ba hoto.

Sunansa Sergei Pavlovich Korolev. Dalili biyu ne suka sa na ɗauko tarihinsa a wannan fitowa. Na farko, ɗan poli ne kamarmu, ta hanyar sana'ar hannu ya shigo ilimi. Na biyu, rayuwarsa ta ci karo da tambayar da duk mai ƙera abu zai fuskanta wata rana: idan abin da ka zana ya kasa, wa zai biya? A wurinsa, shekara goma cur, daga 1951 zuwa 1961, karnukan titin Mosko ne suka riƙa biya, wasu da wahala wasu da rai.

Daga rufin ɗaki zuwa roka

An haife shi ranar 12 ga Janairu, 1907 a garin Zhytomyr, cikin ƙasar Yukren ta yau, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Auren iyayen bai yi ƙarko ba, tun yaron yana ƙarami suka rabu, sai aka kai shi hannun kakanninsa na wajen uwa a garin Nizhyn. Daga baya mahaifiyar ta auri wani injiniya, Grigory Balanin, suka koma Odesa da ke bakin Bahar Aswad a 1917, shekarar juyin juya halin Rasha.

A Odesa ya shiga makarantar koyon sana'ar gini, ya koyi kafinta da rufin ɗaki. Amma hankalinsa ba a kan kwano da katako yake ba. A tashar ruwan garin akwai rundunar jiragen sama masu sauka a kan ruwa, yaron ya maƙale wa makanikansu yana miƙa musu sufana. Yana ɗan shekara 17 ya zana jirgin sama marar inji, irin wanda iska kaɗai ke ɗauka. A 1924 ya samu shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kiyef, yana karatu yana 'yan buge-buge don ya ci abinci, abin da da yawanmu muka san ɗanɗanonsa. Bayan shekara biyu ya koma babbar makarantar fasaha ta Bauman a Mosko. Furojet ɗinsa na kammalawa ƙaramin jirgin sama ne, malamin da ya duba masa kuwa shi ne Andrei Tupolev, shahararren mai zanen jirage. Ku riƙe wannan suna, zai dawo.

A lokacin ne ya karanta rubuce-rubucen Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta mai raunin ji a garin Kaluga, wanda ya nuna da lissafi cewa roka za ta iya fita daga iskar duniya. A 1931 Korolev da Friedrich Tsander da wasu matasa suka kafa ƙungiyar nazarin roka mai suna GIRD, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Mosko. Ba su da kuɗi, har su da kansu suna yi wa ƙungiyar ba'a da cewa taron injiniyoyi ne masu aikin kyauta. Ranar 17 ga Agusta, 1933 rokarsu ta farko ta tashi, ta yi sama kimanin mita 400.

Kurkuku

Rokar ta ja hankalin soja. Mikhail Tukhachevsky, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin ƙasar, ya tsaya musu, aka haɗa su da wata ƙungiya ta Leningrad aka kafa cibiyar binciken roka ta gwamnati, Korolev ya zama mataimakin shugaba yana ɗan shekara 26. Sai dai bishiyar da suka fake a inuwarta ita ta faɗo musu. A 1937 Stalin ya sa aka harbe Tukhachevsky bisa zargin cin amanar ƙasa, daga nan aka bi duk wanda ya taɓa raɓarsa. An kama shugabannin cibiyar, Ivan Kleimenov da Georgy Langemak, aka harbe su. An kama Valentin Glushko, gwanin injin roka. Da duka da azaba aka sa mutane suka ambaci sunaye, sunan Korolev ya fito. Ranar 27 ga Yuni, 1938 aka zo har gida aka tafi da shi, 'yarsa Natalia na da shekara 3. Laifinsa wai yana yi wa aikin gwamnati zagon ƙasa. Aka yanke masa shekara 10.

A 1939 aka kai shi Kolyma, can ƙuryar gabashin Saiberiya, mahaƙar zinariya ta Maldyak, inda fursunoni ke saran ƙasa mai ƙanƙara cikin sanyin da ke kashe mutum a tsaye. Watanni ya yi a can, amma sun bi shi har kabari: yunwa da rashin bitamin sun zubar masa da haƙora da yawa, muƙamuƙinsa ya samu rauni, lafiyarsa ba ta sake komawa daidai ba. Mahaifiyarsa ba ta zauna ba, ta yi ta kai kuka wurin manya, har fitattun matuƙa jirgin sama biyu, Mikhail Gromov da Valentina Grizodubova, suka sa baki. Aka dawo da shi Mosko, aka rage hukuncin zuwa shekara 8, aka tura shi wani kurkuku na musamman inda ake tara injiniyoyi su yi wa gwamnati zane a bayan ƙarfe. Wa ya tarar yana shugabantar zanen a wurin, shi ma a matsayin fursuna? Malaminsa Tupolev. Kun ga amfanin rabuwa lafiya da mai duba furojet.

An sake shi a 1944, amma ba a wanke shi daga laifin ba sai a watan Afrilun 1957. Wato mutumin da ƙasa ta damƙa wa babban sirrinta, a takarda mai laifi ne har wata shida kafin ya harba tauraron ɗan'adam na farko a duniya. Na tsaya a kan wannan ne saboda ina ganin shi ne mabuɗin sauran labarin. Korolev ya san, a jikinsa, yadda ake ji idan gwamnati ta ɗauke ka a matsayin kayan aiki da za a mora a yar.

Me ya sa karnuka?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tura shi Jamus a 1945 ya nazarci rokar V-2 da Jamusawa suka ƙera. A 1946 aka naɗa shi babban mai zanen makamai masu linzami masu cin dogon zango, a 1948 kuma kwafin V-2 na Sobiyet, mai suna R-1, ya tashi daga Kapustin Yar, wani fili fetal kusa da kogin Volga. Gwamnati makami take so, shi kuwa sama yake hange. Amma kafin a ce mutum ya hau roka akwai tambayoyin da babu littafin da ke da amsarsu. Zuciya za ta jure matsin tashi, lokacin da jiki ke yin nauyi ninki-ba-ninki? Idan nauyi ya ɓace gaba ɗaya, jini zai ci gaba da zagayawa? Za a iya haɗiyar abinci? Hankali zai tsaya wuri ɗaya? Lissafi ba ya amsa waɗannan, sai an sa mai rai a ciki an gani.

Amurkawa sun riga su farawa. A 1947 sun harba ƙananan ƙudaje a cikin V-2, daga nan suka koma kan birai saboda kamanninsu da mutum. Birin farko, Albert, ya mutu a 1948. Albert na biyu ya kai nisan kilomita 134 ranar 14 ga Yuni, 1949, amma lemar sauka ta kasa, ya bugi ƙasa ya mutu.

Korolev ya nemo likitan soja Vladimir Yazdovsky ya ba shi wannan ɓangare, su kuwa suka zaɓi kare. Dalilansu na aiki ne zalla. Tun zamanin Ivan Pavlov likitocin Rasha sun san jikin kare ciki da bai. Kare ya fi biri natsuwa da saurin karɓar horo. Ba su ɗauki karen gidan masu kuɗi ba, na titi suka bi, domin wanda ya sha sanyin Mosko da yunwarta ya rayu, ya riga ya ci rabin jarrabawa. Sun fi son mata, saboda rigar da ke tara fitsari da kashi ta fi zama a jikinsu. Sun fi son ƙanana, kilo 6 zuwa 7, don ɗakin rokar ƙarami ne, da masu farin gashi don su fito sosai a kyamara. Horon kuwa ba wasa ba ne: a sa su cikin na'urar majaujawa, a girgiza su a kan tebur mai rawa, a kunna musu ƙarar roka, a kulle su cikin akwatuna masu ƙara matsewa har tsawon kwana 20.

Na san kare a wurinmu ba dabbar da ake tarairaya ba ce, yawanci gadi ne ko farauta. Waɗannan ma ba 'yan gata ba ne, irin waɗanda ake kora daga bakin kasuwa ne. Ku riƙe hakan a rai yayin da kuke karanta abin da suka yi.

Ranar 22 ga Yuli, 1951 aka harba karnuka biyu, Dezik da Tsygan, daga Kapustin Yar. Sun kai kimanin kilomita 100, suka ɗanɗani rashin nauyi na 'yan mintuna, suka sauko da lema da ransu. Tsygan ɗan ƙurjewa kawai ya samu a ciki. Waɗanda suka halarci wurin sun ba da labarin yadda Korolev, mutumin da ma'aikatansa ke shakkar faɗansa, ya sungumi kare yana zagaye da shi don murna. Bayan mako ɗaya aka sake tura Dezik tare da wata mai suna Lisa, don a ga ko tafiya ta biyu za ta canza wani abu a jikinsa. Na'urar buɗe lema ta kasa, duk biyun suka mutu. Nan take shugaban kwamitin gwajin, Anatoli Blagonravov, ya ce Tsygan ba zai sake tashi ba, ya tafi da shi gidansa. A watan Agusta wasu biyu, Mishka da Chizhik, suka mutu saboda iska ta tsiyaye daga ɗakinsu. A tashi shida na wannan shekara, karnuka huɗu aka rasa.

Akwai na ban dariya ma. Ana dab da tashi na ƙarshe, karen da aka horar ya sulale ya gudu, mai yiwuwa ya fi kowa wayo a sansanin. Ma'aikata suka kamo wani ɗan kare da ke yawo kusa da ɗakin cin abinci, ba horo ba komai, suka raɗa masa ZIB, taƙaicen kalmomin Rashanci masu nufin madadin Bobik da ya ɓace. Ya je ya dawo garau. Daga 1954 kuma aka shiga mataki na gaba: a sa wa kare rigar sama jannati da hular gilashi, a cillo shi daga roka a can sama, ya sauko da lemarsa.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, duk waɗannan tafiye-tafiye an tsara su da niyyar dawowa. Kare kan mutu, amma don wani abu ya lalace, a gano abin, a gyara, na baya ya amfana. Mutum zai iya ƙin wannan ciniki, kuma da hujjarsa, domin karen ba a tambaye shi ba. Amma aƙalla akwai tambaya ta ilimi a bayan kowace mutuwa.

Laika

Ranar 21 ga Agusta, 1957 babbar rokarsa R-7 ta yi tashinta na farko mai nasara daga sabon sansani a Kazakistan, wanda aka sani yau da Baikonur. Ranar 4 ga Oktoba ta ɗauki Sputnik, wata ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 83.6, ta sa ta a hanyar kewaya duniya. Duniya ta ɗauka. Shugaba Nikita Khrushchev, da ya ga yadda Amurka ta rikice, sai ya nemi a sake yin wani abin mamaki kafin 7 ga Nuwamba, ranar cikar juyin juya hali shekara 40. Korolev ya amsa. Aka kirawo ma'aikata daga hutu, aka ƙera Sputnik na biyu cikin ƙasa da wata guda, galibi daga zanen hannu kai tsaye zuwa wurin masu walda, ba tare da cikakken gwaji ba.

Ga matsalar: a 1957 babu wanda ya iya dawo da abu daga kewayar duniya. Ba a ƙera garkuwar da za ta hana kumbo ƙonewa yayin shigowa cikin iska ba tukuna. Kowa a cikin tawagar ya san duk karen da aka sa ba zai dawo ba. An ware uku: Albina a matsayin madadi, Mushka don gwajin na'urori a ƙasa, sai Laika, 'yar kimanin shekara 3, kilo 6, mai sanyin hali. An yi mata tiyata aka dasa wayoyin auna bugun zuciya da numfashi. Kafin a tafi da ita sansani, Yazdovsky ya kai ta gidansa ta yi wasa da 'ya'yansa, don ya san kwanakinta sun ƙare.

An harba ta ranar 3 ga Nuwamba, 1957. Lokacin tashi bugun zuciyarta ya ninka fiye da sau biyu, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya lafa, fiye da yadda yake yi a majaujawar ƙasa. Amma ya lafa, wato mai rai zai iya kaiwa can ya rayu. Sai zafi ya fara hawa. Tsarin sanyaya ɗakin, wanda aka haɗa a gurguje, ya kasa, zafin ya haura digiri 40. Cikin awa 5 zuwa 7 Laika ta mutu. Gwamnati ta bar duniya da labarin cewa ta yi kwanaki a raye. Sai a 2002, a wani taron masana a birnin Houston na Amurka, Dimitri Malashenkov, ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin, ya bayyana gaskiya. Kumbon ya ci gaba da kewaya duniya da gawarta har 14 ga Afrilu, 1958, ranar da ya ƙone a cikin iska.

A Ingila masu kare haƙƙin dabbobi sun yi zanga-zanga a ofishin jakadancin Sobiyet. A Mosko kuwa biki aka sha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1998 Oleg Gazenko, likitan da ya horar da ita, ya fito fili ya ce yana nadama, kuma abin da suka koya daga tafiyar bai kai ya halatta mutuwarta ba.

A ganina, a nan ne babban tabon Korolev yake, kuma ba zan goge masa shi ba don ina sha'awarsa. Dezik ya mutu saboda lema ta kasa. Laika ta mutu saboda kalanda. Za a iya cewa mutumin da ya ga Kolyma ba zai iya ce wa shugaban ƙasa a'a ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma shi ma yana son abin, yana son kuɗi da goyon bayan da nasarar za ta jawo wa shirinsa, ya kuma samu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sai dai a nan wanda ya yi saurin daban, wanda ya sha nawar daban.

Hanyar Gagarin

Bayan Laika, Korolev bai sake tura kare a kumbon da ba shi da hanyar dawowa ba. Ya duƙufa kan kumbon Vostok, wanda zai kai mutum ya dawo da shi, karnuka kuma suka sake shiga gaba.

Ranar 28 ga Yuli, 1960 aka sa Chaika da Lisichka. Lisichka 'yar lelensa ce. Mataimakinsa Boris Chertok ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa kafin tashin ya ga Korolev ya ɗauke ta ya rungume, yana yi mata fatan dawowa. Ba a yi rabin minti da tashi ba rokar ta tarwatse, duk biyun suka mutu. Wannan haɗari ya sa aka mai da hankali kan yadda za a ceci wanda ke cikin kumbo idan roka ta lalace tun a farkon tashi.

Ranar 19 ga Agusta aka harba Belka da Strelka, tare da ɓeraye da ƙudaje da tsirrai. Sun kwana suna kewaya duniya, suka sauko lafiya, su ne na farko da suka kewaya duniya suka dawo da rai. Amma likitoci sun ga wani abu a kyamara: a zagaye na huɗu Belka ta rikice, tana fizge-fizge har ta yi amai. Saboda wannan aka yanke cewa tafiyar mutum ta farko zagaye ɗaya kawai za ta kasance. Wato aman wata karyar titi shi ya tsara tsawon tafiyar Gagarin. Daga baya Strelka ta haifi 'yan kwikwiyo shida, Khrushchev ya aika wa iyalin Shugaba Kennedy ɗaya mai suna Pushinka a 1961.

Ranar 1 ga Disamba sai ga wani rashi. Pchelka da Mushka, waccan Mushkar da ta tsallake tafiyar Laika, sun yi kwana guda a sama, amma wajen dawowa kumbon ya kauce hanya. An dasa masa nakiya don kada ya faɗa hannun wata ƙasa, nakiyar ta yi aikinta. Su ma, kamar Laika, siyasa na da hannu a mutuwarsu. Ranar 22 ga watan kuma matakin ƙarshe na roka ya kasa, kumbon ya faɗa dajin Saiberiya cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Masu ceto suka isa suna zaton gawa za su tarar, sai suka ji haushi daga ciki, duk biyun na raye. A cikin wannan wata Korolev ya samu bugun zuciya, likitoci suka ce ya rage aiki, bai rage ba.

A nan ya yi abin da nake yaba masa. Amurka na dab da tura mutum, a ranar 31 ga Janairu, 1961 ma sun harba Ham, gwaggon birin da aka haifa a Kamaru, ya dawo lafiya. Matsin lamba ya kai matuƙa. Duk da haka aka tsaya a kan cewa mutum ba zai hau ba sai kumbon ya yi nasara sau biyu a jere. Ranar 9 ga Maris, Chernushka ta yi zagaye ɗaya tare da wani mutum-mutumi da aka sa wa suna Ivan Ivanovich, ta dawo. Ranar 25 ga Maris, Zvezdochka ta maimaita. Bayan kwana 18, ranar 12 ga Afrilu, 1961, Gagarin ya hau irin wannan kumbo, ya yi minti 108, ya sauko. Ku yi lissafin da kanku: tashi shida, karnuka goma, huɗu sun mutu, sannan mutum ɗaya ya je ya dawo.

Sauran ƙasashe ma ta wannan hanya suka bi. Amurkawa sun tura wani gwaggon biri, Enos, ya kewaya duniya a Nuwamban 1961 kafin John Glenn ya bi sawu, kuma ɗaya daga cikin tashoshin da suka kafa don bibiyar kumbunan wannan shiri a Kano take. Faransa ta harba kyanwa mai suna Félicette daga hamadar Aljeriya a 1963.

Ƙarshensa

Korolev ya ci gaba da tara na farko: kumbon da ya fara taɓa wata da wanda ya ɗauko hoton bayansa a 1959, mace ta farko a sama, Valentina Tereshkova, a 1963, da Alexei Leonov da ya fara fita daga kumbo ya yi shawagi a 1965. Duk wannan ba a ambaci sunansa ba. Idan ya yi rubutu a jaridar Pravda, da sunan aro na Farfesa K. Sergeev yake fita. A 1964 aka buɗe babban ginin tunawa da gwarazan sararin samaniya a Mosko, an sassaƙa siffar Laika a jikinsa, alhali sunan wanda ya tura ta haramun ne a jarida.

A Janairun 1966 ya shiga asibiti don tiyatar hanji da ake ganin ƙarama ce. Ministan lafiya na ƙasar, Boris Petrovsky, shi ya riƙe wuƙa. Aka tarar da ƙari babba, aikin ya yi tsawo, zuciya ta gaza. An sha wahalar zura masa bututun numfashi saboda raunin muƙamuƙin da ya samo a tsare. Ya mutu ranar 14 ga Janairu, kwana biyu bayan ya cika shekara 59. Sai a sanarwar mutuwarsa mutanen ƙasar suka ga sunansa da hotonsa. An ajiye tokarsa a bangon fadar Kremlin. Bayan mako biyar da 'yan kwanaki, ranar 22 ga Fabrairu, aka harba Veterok da Ugolyok a kumbon da ofishinsa ya ƙera. Sun yi kwana 22 a sama, suka dawo a rame ba sa iya tsayuwa sosai, amma suka murmure. Daga jikinsu likitoci suka ga abin da doguwar tafiya ke yi wa tsoka da ƙashi. A 1996 aka sa wa garin da ya yi aiki, kusa da Mosko, sunan Korolev. A 2008 aka kafa wa Laika gunkinta a kusa da cibiyar da aka horar da ita.

Mu da ke karanta injiniya, gini, kimiyyar ɗakin gwaji ko haɗa magunguna, ba roka za mu ƙera ba, yawancinmu. Amma za mu zuba dakalin bene da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa, za mu ja wayar wuta a gidan da yara ke wasa, wasunmu za su riƙe ɓera ko zomo a ɗakin gwaji. Kuma wata rana wani babba zai zo ya ce a gama kafin ranar buɗewa, gwajin a bar shi sai daga baya. Korolev ya gamu da wannan sau biyu. A 1957 ya bi ranar biki, Laika ta mutu cikin zafi. A 1961 ya jira nasara biyu a jere, Gagarin ya dawo wurin matarsa da 'ya'yansa. Mutum ɗaya ne, roka iri ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka ba gwaji. Idan ranar ta zo mana, ina fatan mu tuna cewa wanda zai shiga cikin abin da muka ƙera, mutum ne ko dabba, yawanci ba ya wurin da ake sa ranar.